Ɓantarewar fentin mota: Yadda ake cike gurbin kafin tsatsa ta samu ƙofa

Duk mai motar da ya saba zirga-zirga tsakanin Karaye da Rogo, ko yake gangarawa Turawa a bakin madatsar ruwa ta Challawa, ya san wata 'yar ƙara da kan fito daga goshin mota daidai lokacin da tifa ko babbar motar buhuna ta wuce. Tsakuwa ce tayar wata motar ta cillo. Sai an tsaya an duba sannan a ga ɗan tabo kamar ƙwayar gero a kan murfin inji ko gefen ƙofa, inda fenti ya ɓantare.

Yawancin masu mota ba sa mayar da hankali a kan irin wannan tabo. Ma'aikacin da aka tura aiki ƙaramar hukuma yana komawa Kano duk ƙarshen mako, da ɗan kasuwar da ke shiga ƙauyuka sayen masara ko kifi, kowannensu yana da abin da ya fi damunsa: kuɗin mai, tayoyi da bakanike. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tabon da aka raina a watan Maris shi ne kan zama kumburin tsatsa bayan damina, kuma shi ne kan kai mota gaban mai feshi, inda za ta rasa fentinta na asali.

Akwai hanya mai sauƙi ta rufe irin wannan gurbi a gida da 'yar kwalbar fenti. Sai dai tana da ƙa'idoji, tana kuma da iyaka.

Abin da ke ƙarƙashin launi

Abin da ido ke gani a matsayin fenti guda ɗaya, shafi huɗu ne a kan juna. A masana'anta, bayan an wanke gangar motar an jiƙa ta da sinadarin da ke sa fenti ya kama ƙarfe, sai a tsoma ta gaba ɗaya cikin wani babban kwarami na fenti, a saki wutar lantarki. Wutar ce ke jan fentin ya manne a kowane lungu, har cikin ƙofofi da ƙarƙashin mota. Wannan shafi na farko shi ne babban mai tsaron ƙarfe daga tsatsa. Kamfanonin motoci sun fara aiki da wannan dabara tun shekarun 1960.

A kansa ake fesa shafi na biyu, wanda masu sana'ar ke kira faraima. Aikinsa shi ne daidaita fuskar ƙarfen da rage ƙarfin dukan tsakuwa. Na uku shi ne launin kansa. Na huɗu kuwa fenti ne garai-garai marar launi, wanda ke ba mota ƙyalli, yana kuma kare launin daga zafin rana. Tun daga shekarun 1980 wannan tsari ya zama ruwan dare.

Idan aka haɗa dukkan huɗun, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin goma na milimita ba, wato kusan kaurin fallen takardar rubutu. Wannan 'yar fata ce kaɗai ke tsakanin ƙarfen mota da ruwan sama.

Abin da ya sa fentin masana'anta ya fi kowane fenti ƙarko shi ne gashi. Ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 140 zuwa sama a ma'aunin Salshiyas, tun gangar motar tana tsirara, kafin a saka wayoyi, kujeru, gilasai da robobi. Da zarar an haɗa mota, babu mai iya sake yi mata irin wannan gashi, domin kayan cikinta za su lalace. Ko garejin da ke da ɗakin feshi na zamani, zafin da yake amfani da shi bai kai wancan ba ko kusa. Mai feshin da ke aiki a fili kuwa, rana ce kawai murhunsa.

Yadda tsatsa ke cin ƙarfe

Tsatsa na buƙatar abu uku: ƙarfe, iska da danshi. Muddin fenti na nan, ba sa haɗuwa. Idan tsakuwa ta huda har ƙarfe, sun haɗu ke nan.

Haɗarin shi ne tsatsa ba ta tsayawa a inda ta fara. Ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka tana kumbura, ta ɗaga bakin fentin da ke kewaye da gurbin. Ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi, sabuwar tsatsa ta sake ɗaga wani ɓangaren. Haka take rarrafe a ɓoye, har wata rana a ga fenti ya yi bororo kamar ƙuna. A lokacin, ɓarnar da ke ciki ta ninka wadda ake gani.

A ƙasar Kano, rani kan yaudari mai mota. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iska a bushe take, gurbin da ya kai ƙarfe zai iya yin makonni bai canza ba. Amma da ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni, labari ya sauya. Jan taɓon hanyar burji yana manne wa ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, yana riƙe danshi na kwanaki. Motar da ke yawan kwana kusa da ruwa, kamar a garuruwan da ke kewaye da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana shan raɓa fiye da wadda ke kwana a rumfa a cikin birni. Haka nan motar da ke ɗaukar takin zamani, domin burbushinsa na jawo danshi yana kuma hanzarta cin ƙarfe.

Ba kowane sashe ne ke tsatsa ba. Bamba ta yawancin motocin yanzu roba ce, tabon da ke kanta muni ne kawai. Murfin inji, rufin mota, ƙofofi da gefuna su ne abin damuwa.

Dalilin da ya shafi aljihu

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, farashin motocin da ake shigowa da su ya yi tashin da ya sa ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa suka daina tunanin canza mota nan kusa. Wadda ke hannu ta zama kadara, wadda za a iya sayarwa ranar da wata babbar buƙata ta taso.

A wajen dillalan mota, ɗaya daga cikin tambayoyin farko ita ce ko motar "fas bodi" ce, wato ko tana nan da fentinta na masana'anta. Motar da aka sake fesawa, ko da an yi aikin da kyau, tana jawo zargi: mai saye zai ɗauka ta taɓa yin hatsari ne aka rufe. Wasu kan ɗora maganaɗisu a jikinta don gano inda aka cike da ƙullun gyaran jiki, wasu kuma suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti. Da an gano sabon feshi, ciniki ya sauka.

A nan ne amfanin cike gurbi yake. Ɗigon fenti a kan tabo ba ya raba mota da fentinta na asali. Amma idan aka bari tsatsa ta yaɗu, dole a kankare ɓangaren gaba ɗaya a sake fesawa, kuma sau da yawa mai feshi zai ba da shawarar a bi motar duka don launi ya daidaita. Wanda ya zaɓi canza launi a lokacin kuma ya ƙara wa kansa aiki, domin launin mota na rubuce a takardunta, sai an je an gyara su.

Wane tabo ne ke gyaruwa a gida?

Kafin a sayi komai, a wanke wurin a dube shi da kyau cikin haske.

Idan karcewa ce wadda farce ba ya maƙalewa a cikinta, kuma tana ɓacewa idan an jiƙa ta da ruwa, to a shafin sama kawai ta tsaya. Wannan ba ta buƙatar fenti, man goge mota ya isa.

Idan ana hango fari-fari ko toka-toka a cikin gurbin, launi ya tafi amma faraima na nan. Ƙarfe bai fito ba tukuna. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara.

Idan ana ganin ƙyallin ƙarfe ko ja-ja na tsatsa, gurbin ya kai ƙasa, kuma shi ne ke buƙatar gaggawa.

Ta fuskar girma, abin da bai wuce ƙwayar wake ba yana cikuwa da kyau. Wanda ya fi haka, ko wurin da ya lotsa, ko inda fenti ya riga ya yi bororo, ko murfin injin da tabo ya yi masa yawa kamar an watsa gero, duk aikin mai feshi ne. Haka nan rufin motar da rana ta ƙone har shafin sama yana saɓulewa: kwalba ba ta maganinsa.

Lambar launi

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen fenti da ido. "Fari" ba ɗaya ba ne. Kamfani guda na iya samun farare iri biyar, kuma bambancinsu ba ya fitowa sai an ɗiga wani a kan wani.

Kowace mota tana da lambar launinta. A motocin Toyota, tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Lambobi uku na farko su ne na launi: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 kuma ruwan azurfa da aka saba gani a jikin Corolla da Camry. A motocin Honda ma tana wajen ƙofar direba, kuma ta fararen motoci, baƙaƙe da masu ruwan toka kan fara da NH. A Volkswagen, irin su Golf, takardar na cikin but, kusa da mazaunin safaya. A wasu motocin kuma tana ƙarƙashin murfin inji.

Da wannan lamba ake neman kwalbar da aka riga aka haɗa, ko a kai wa masu haɗa fentin mota, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, su haɗa kaɗan. Sai dai a tuna da abu biyu. Na farko, motar da ta shekara goma tana shan ranar Arewa ta koɗe, launinta ya ɗan bambanta da na ranar da ta fito. Na biyu, yawancin motocin da ke hannun jama'a na hannu ne, wataƙila an taɓa fesa su tun kafin su iso, lambar ba za ta yi daidai ba. Dabarar da masu sana'ar ke bi ita ce a kwance murfin tankin mai a tafi da shi, a haɗa launin a gwada a gefensa cikin hasken rana.

Launuka ma ba su zama ɗaya wajen sauƙi ba. Fari, baƙi da ja marasa ƙyalƙyali sun fi ɓoye gyara. Ruwan azurfa da ruwan zinare suna ɗauke da ƙananan ɓarɓashin alminiyom, waɗanda ke kwanciya daban idan an fesa su da kuma idan an ɗiga su, don haka wurin kan ɗan yi duhu. Fari mai sheƙin lu'ulu'u, kamar mai lamba 070 na Toyota, shafi biyu ne na launi, yana buƙatar kwalba biyu.

Kayan aiki

Kayan cike gurbi kan zo a siffar 'yar kwalba mai buroshi a murfinta, ko alƙalami mai baki biyu, ɗaya na launi ɗaya na shafin ƙyalli. Cikakken saiti kan haɗa da faraima. Ban da su, ana buƙatar sabulu da ruwa, sifirit irin na kemis, tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da zare, sanfefa mai laushi, da tsinken sakace.

Buroshin da ke zuwa da kwalbar ya cika girma ga yawancin tabo. Tsinken sakace ko tsinken ashana da aka fiƙe ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

A yi hattara da alƙaluman da ake tallatawa cewa suna gyara kowace irin mota ko wane launi. Abin da ke cikinsu shafin ƙyalli ne kawai. Suna iya dusashe ƙaramar karcewa, amma ba sa mayar da launin da ya tafi.

Matakan aikin

Da farko a wanke wurin da sabulu, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Sannan a goge shi da sifirit don cire maiƙo da ragowar man goge mota. Fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo, zai tattare ya bar rami a tsakiya.

Na biyu, a cire tsatsa. A yanki ɗan guntun sanfefa a naɗe a bakin tsinke, a kankare cikin gurbin kaɗai har ƙarfe ya yi haske, ba tare da an taɓa lafiyayyen fentin da ke gefe ba. Duk ɓallin fentin da ya ɗaga a baki, a cire shi. Wanda ya samu ruwan kashe tsatsa, wanda ke mayar da ita baƙa, zai iya ɗiga kaɗan ya jira ya bushe. Shafa fenti a kan tsatsa ɓata lokaci ne, domin za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. A sake gogewa da sifirit.

Na uku, idan ƙarfe ya fito, a ɗiga faraima siririya, a ba ta lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Idan faraimar asali na nan, a tsallake wannan mataki.

Na huɗu, a girgiza kwalbar launi sosai, na minti ɗaya ko biyu, musamman mai ƙyalƙyali, domin ɓarɓashinsa kan kwanta a ƙasa. A gwada a wani ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa. Idan ya dace, a tsoma bakin tsinke, a taɓa tsakiyar gurbin, a bar fentin ya malala da kansa zuwa gefuna. Ɗigawa ake yi, ba shafawa ba. A jira minti 20 zuwa 30, a ƙara wani ɗigon. Fenti na raguwa idan ya bushe, don haka sau biyu ko uku ake yi, har ya kusa cika gurbin amma bai kai baki ba.

Na biyar, bayan launin ya bushe, zai fi kyau a bar shi ya kwana, sai a ɗiga shafin ƙyalli ya rufe, ya ɗan ɗara fuskar fentin da kaɗan. A yi shi da hannu mai sauƙi, domin yawan dangwala na iya narkar da launin da ke ƙasa.

Yawancin mutane ya kamata su tsaya a nan. Masu son wurin ya baje sarai kan jira kwana biyu ko fiye, su jiƙa sanfefa mai lamba 2000 ko 3000, su goge tudun a hankali, sannan su bi da man gogewa. Amma shafin saman da ke kewaye siriri ne ƙwarai, kuma wanda bai saba ba zai iya cinye shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, garin gyaran gira a rasa ido. Ɗan tudun da ba a gani sai an sunkuya ya fi faffaɗan tabon da sai mai feshi.

Kada a wanke wurin sai bayan kwana biyu zuwa uku, kada kuma a shafa masa man ƙyalli sai ya yi kamar wata guda, domin fentin na ci gaba da ƙarfi a hankali.

Lokacin da ya dace

Umarnin da ke jikin yawancin kwalaben an rubuta shi ne don ƙasashe masu sanyi. A nan, yanayi na da nasa hukunci.

A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma jikin baƙar motar da ke tsaye a rana ya fi haka zafi sosai. Fentin da aka ɗiga a kan irin wannan ƙarfe yana bushewa kafin ya baje, ya yi gudaji. A lokacin hunturu kuma ƙura ce matsala, tana sauka a kan ɗanyen fenti ta manne. Da damina, danshi na iya sa shafin ƙyalli ya yi hazo-hazo.

Mafita ita ce a yi aikin da safe, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, a cikin rumfa ko gareji, inda iska ba ta kaɗawa. A taɓa jikin motar da bayan hannu: idan da ɗumi, a jira. Inuwar bishiya ba ta dace ba, saboda ɗigon darbejiya da kashin tsuntsaye, waɗanda su kansu suna cin fenti. A tsarin shekara kuwa, mafi dacewa shi ne a zagaya mota a cike duk wani gurbi kafin ruwan farko, a sake dubawa bayan kaka.

A riƙa tuna cewa fenti da sifirit suna kama wuta. A nisanta su daga murhu, janareta da sigari, a kuma ajiye su inda yara ba za su kai ba. Kwalbar da aka bari a cikin mota tana daskarewa saboda zafi, gara a adana ta a ɗaki.

Wanda yake kan hanya, a Rogo ko wani ƙauye, ya ga sabon gurbi ya kai ƙarfe ga kuma hadari, zai iya ɗiga man farce marar launi a matsayin rufin wucin gadi. Yana tare ruwa na ɗan lokaci, amma sai an goge shi kafin a yi gyaran gaskiya. Fentin gini ko na ƙofar ƙarfe kuwa bai dace da jikin mota ba ko kaɗan.

Rage aukuwar tabon

Mafi yawan tsakuwar da ke dukan mota daga tayar motar gaba take fitowa, kuma ƙarfin dukan ya danganta da gudu. Barin tazara mai yawa a bayan tifa da manyan motoci, da rage gudu a inda ake aikin hanya ko aka zuba sabuwar tsakuwa, su ne rigakafi mafi arha. Haka nan idan za a yi kiciɓis da wata mota a hanyar burji. Robobin tare taɓo da ke bayan tayoyi suna kare ƙasan ƙofofi, ya kamata a mayar da su idan sun cire.

Wajen wanki ma akwai kula. Goge busasshiyar ƙurar hunturu da tsumma daidai yake da bin mota da sanfefa. A fara zuba ruwa ya tafi da ƙurar tukuna. Garin sabulun wanki na cire man da ke kare fenti. Man birki kuma, idan ya zuba a jikin mota wajen bakanike, yana cin fenti cikin ɗan lokaci, a wanke shi da ruwa nan take.

Mai motar da ya cike gurbi da kansa kada ya sa ran wurin zai ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Wanda ya matso ya ƙura ido zai gani. Abin da aikin ke yi shi ne ya raba ƙarfe da ruwa, ya sa tabon ya daina ɗaukar ido daga 'yan taku kaɗan, ya kuma bar motar da fentin da ta fito da shi daga masana'anta. Ranar da aka kai ta gaban dillali, wannan fenti na cikin abubuwan da za a biya kuɗinsu.